Kunun Zaƙin da Ya Ƙi Tsinkewa: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Gida a Gwammaja

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta fi shekara ashirin tana kunun zaƙi na sayarwa a Gwammaja. Ba ta da shago, ba ta ɗora wa kowa talla. Da hantsi yara ke sallama da robobinsu, masu shagunan bakin titi su aiko a cika musu jarka, wata mai abinci a kusa da tasha kuma kullum da nata kason. Da kuɗin kunun nan aka yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Saboda haka ranar da kunun ya lalace, gidan gaba ɗaya ya ji a jikinsa.

Abin ya faru ne a ƙarshen hunturu, saura 'yan makonni a kama azumi. An yi wa Gwaggo aikin ido, likita ya hana ta shiga hayaƙi da tururi da yawan sunkuyo na wani lokaci. Sai sana'ar ta koma hannun surukarta, matar ƙanina, wadda shekararta biyu a gidan, kuma ta sha taya Gwaggo wankin gero da tata. Gwaggo na kwance a ɗaki tana ba da umarni ta ƙofa, yarinyar tana bi ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye aka buɗe mazubi, sai ga abu kirtif kamar talge, ba zaƙi ko kaɗan, sai ɗanɗanon gero zallansa. Dole ta tsuga masa ruwa kafin ya bi ta abin tata, ya koma salam, ta zuba sukari kusan ninkin abin da aka saba. Riba ta tafi a sukari, kuma masu saye suka gane. A kwana na huɗu mai abinci ta dawo da jarkarta a cike, ta ce kunun ya canza hannu.

Wannan kalmar ta hannu ita ta fi yi mini ciwo. Kafin mako ya zagayo an fara cewa yarinyar ba ta da hannu, wata maƙwabciya har ta kawo zancen baki. Na je dubiya na tarar da ita a bakin rariya tana wanke robobi, idanunta jajur. Ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, wallahi duk abin da Gwaggo ta ce shi nake yi." Ina koyar da kimiyyar halittu a makarantar sakandare, kuma na yarda da maganarta tun a lokacin. Ruwa ba ya tsami banza, amma ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa mutum laifin da ba a bincika ba.

Yadda Gwaggo ke yin kununta

Takan jiƙa gero kwano uku ya kwana, a wanke a rege tsakuwa, a kai markaɗe da citta da kanumfari da ɗan masoro. A wata 'yar roba daban kuma akan markaɗo busasshen dankalin Hausa da aka jiƙa, tare da tafi biyu na shinkafa mai tsiro, wadda ita da kanta take jiƙawa ta shimfiɗa a buhu ta rufe har ta fito da 'yan fararen saiwoyi, sannan ta shanya. In an dawo daga inji sai ta raba ƙullun. Kaso mafi yawa ta dama shi a tafasasshen ruwa a kan wuta har ya yi kauri ya fara ɓalɓala, ta juye. Ƙaramin kason ta haɗa da markaɗen dankali da tsiro ta ajiye ɗanye, shi take kira gasara. In damammen ya huce ta zuba gasarar, ta juya sosai, ta rufe ya kwana. Da asuba za a tarar ya tsinke, ya yi zaƙi da ɗan tsami-tsami. A tace, a ƙara sukari kaɗan, a sa ƙanƙara.

Umarnin da ta bai wa surukarta a kan lokacin haɗawa shi ne: "Ki dama bayan magariba, in kin idar da isha ki zuba gasara." Haka ita ma take yi tun fil azal.

Waɗanda aka fara zargi

Gero aka fara kamawa, don sabon buhu ne ƙanina ya sayo daga Dawanau. Aka ari kwano ɗaya na tsohon gero a maƙwabta aka gwada, kunu ya fito yadda ya fito jiya. Aka koma kan mai markaɗe, aka canza inji, babu bambanci. Aka ce ruwan 'yan garuwa ne, aka ɗebo na rijiyar burtsatse. Shiru.

Zargin dankali ne kaɗai na ɗauka da muhimmanci, don yana da tushe. In an tafasa dankali kafin a shanya shi, to ya tashi daga aiki a kunun zaƙi, ko da kuwa a ido ba shi da aibu. Amma buhun dankalin shi ne dai wanda Gwaggo ke ɗiba har ranar da aka kwantar da ita, kuma kununta na ranar lafiya lau ya fito. Tsiron ma na hannunta ne. Kaya ba su canza ba, lokaci bai canza ba, sakamako ya canza. Ke nan akwai abin da ke faruwa tsakanin magariba da isha wanda ba ya cikin umarnin.

Abin da ke cikin dankali da tsiro

Kafin in faɗi abin da na gani, sai na yi bayanin aikin da gasara ke yi, don mutane da yawa sun ɗauka dankali zaƙinsa kawai yake bayarwa, kamar yadda ake zuba sukari. Ɗan dankalin da ake sawa bai kai ya zaƙaƙa bokiti biyu na kunu ba. Zaƙin daga jikin geron yake fitowa.

Mafi yawan ƙwayar gero sitaci ce. Sitaci kuwa sukari ne da aka ɗaure, ƙwayoyin gulukos ɗaruruwa zuwa dubbai a jere kamar sarƙa, wata miƙaƙƙiya, wata mai rassa. Harshe ba ya jin zaƙin doguwar sarƙa. In an dama ƙullu da ruwan zafi, 'yan ƙullutun sitacin kan sha ruwa su kumbura su fashe, sarƙoƙin su warwatsu su sarƙe da juna su riƙe ruwa. Kaurin kunu ke nan. In aka daddatse sarƙoƙin nan gajeru-gajeru, abu biyu za su faru a tare, kauri ya tafi, zaƙi ya fito. Mukan ce kunu ya tsinke, kalmar da muke yi wa igiya, kuma ainihin abin da ke faruwa ke nan a ciki.

Mai tsinkawar wani sinadari ne da ake kira enzayim, irin wanda ke aiki a kan sitaci kuma sunansa amiles. Ƙwayar hatsi tana ƙera shi ne lokacin da ta fara tsiro, don jaririn tsiron ba shi da ganyen da zai sama masa abinci, sai guzurin sitacin da ke cikin ƙwayar, kuma sai an narka guzurin ya zama sukari kafin ya ci. Mai kunu tana aron wannan ma'aikacin ne ta sa shi ya yi mata aiki a bokitinta. Iri biyu ne ke cikin gasarar Gwaggo. Alfa-amiles, wanda ya fi yawa a tsiro, yana sara ne a tsakiyar sarƙa duk inda ya samu, shi ya sa yake kashe kauri da sauri. Beta-amiles, wanda dankali ke cike da shi, daga bakin sarƙa yake farawa yana gutsuro ƙwaya bibbiyu, kowace biyu ita ce sukarin da ake kira maltos. Na farko yana yawaita bakuna, na biyu yana samun wurin kamawa. Maltos bai kai rabin sukarin shayi zaƙi ba, shi ya sa zaƙin kunun asali yake da sanyi a baki, ba ya gundura. Dankali ya yi suna a wannan fanni har a wajen masana, don daga jikinsa aka fara tace beta-amiles tsantsa a Amurka a 1946. Beta-amiles ɗin nan ne kuma dalilin da ya sa dankalin da aka gasa a hankali cikin toka ya fi wanda aka jefa a tafasasshen ruwa zaƙi.

Kowace uwa ta ga wannan aikin da idonta. In tana bai wa yaro koko tana mayar da cokali cikin kofi, kafin a kai rabi kokon ya zama ruwa. Yawun ɗan Adam yana da nasa alfa-amiles, ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa.

To me ya sa ɗan kaɗan yake isa? Nan ne asalin maganar. Enzayim ba ya shiga cikin abin da ake samarwa, ba ya ƙarewa a wurin aiki. Almakashin tela ya yanka yadi ɗari, yana nan almakashinsa. Shi enzayim furotin ne, dogon zare da ya naɗe kansa ya ba da wata siffa ta musamman mai ɗan gurbi a jiki. Sarƙar sitaci takan faɗa cikin gurbin nan, ya riƙe ta ya ɗan tanƙwara mahaɗin da ke tsakanin ƙwaya biyu, ya kawo ƙwayar ruwa daidai inda ake bukata, mahaɗin ya ɓalle, gutsattsarin su fita, gurbin ya koma yadda yake ya kama na gaba. Haka yake yi ba hutawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Sitaci da ruwa da kansu suna iya rabuwa su ba da sukari, can ne gangarar take. Amma kafin gangarar akwai tudu. Ka dubi mai kurar ruwa ya zo bakin kwalbati mai tudu, bayan kwalbatin hanya ta gangara har ƙofar gidan da za shi, amma sai ya haye tukuna. A zafin ɗaki, ba tare da mataimaki ba, mahaɗan sitaci ba sa haye wannan tudu sai bayan zamanin da ya wuce rayuwar duk wani mai jira. Hanya biyu ce: ko a ƙara ƙarfin turi, ko a rage tudun. Ta farko ita wani masani mai suna Kirchhoff ya bi a Rasha a 1811, ya dafa sitaci da ruwan asid har ya zama sukari. Ta biyu ita ce ta enzayim. Ba ya ƙara wa kura ruwa, ba ya canza gidan da za a kai, tudun kawai yake sassaɓewa, sai aikin da ke bukatar wuta da asid ya yiwu a cikin bokitin da hannu ke iya taɓawa.

Kuma kowane enzayim da abin da yake kamawa. Emil Fischer na Jamus ya kwatanta abin a 1894 da kwaɗo da ɗan makullinsa. Daga baya, a 1958, Daniel Koshland ya kawo ra'ayin cewa gurbin ba sandararre ba ne, yakan ɗan motsa ya rungumi abin da ya shigo, kamar yadda takalmin fata ke bin ƙafar mai shi. Dusar da ke saura a abin tata ma sarƙar gulukos ce a cikinta, amma ɗaurinta daban ne, ba ta shiga gurbin amiles, don haka take fita yadda ta shiga, a kai wa awaki.

Duk wannan aiki a kan siffa ya rataya. Siffar kuwa ba ƙusa ce ta riƙe ta ba, raunanan mahaɗai ne masu yawa. Nan za a dawo.

Daren da na zauna na kalla

Na ce wa ƙanina zan zo in ga aikin daga farko, kada a canza komai saboda ni. Na aro ma'aunin zafi na gilashi daga ɗakin gwaji na makaranta, na zauna a kan turmi a tsakar gida.

Ta dama ƙullun da kyau, babu gudaji, har ya fara ɓalɓala. Sai ta kira mijinta suka kama tukunya suka juye a cikin wata shuɗiyar robar duro mai zurfi, ta ɗauko murfi ta danne. Na tambaye ta ina daron Gwaggo, wani faffaɗan daro na ƙarfe da na sani tun ina yaro. Ta nuna mini shi a jingine bayan ɗaki. Ta ce, "Yaya, ƙura ce ta yi yawa, ga kaji. Na ga abin da mutane za su sha ne, gara a rufe." Duron kuwa ƙanina ne ya sayo shi a satin da aka yi wa Gwaggo aiki, don azumi na tafe kuma za a ƙara yawan kunu. Tsafta ta nufa, shi kuma tanadi ya yi. Gwaggo da ke ɗaki da bandeji a ido ba ta san an canza mazubi ba, su kuma ba su ga abin faɗa a ciki ba.

Aka yi isha. Ta buɗe duro, tururi ya bugi fuskarta. Saman ya yi 'yar fata, in ka taɓa da bayan hannu sai ka ce ya huce. Na tura ma'aunin can tsakiya, ya haura digiri 85. Kunu mai kauri ba ya zagayawa kamar ruwa balle zafin ciki ya taso sama ya fita, roba ba ta sakin zafi kamar ƙarfe, murfi ya tsare tururi, duron kuma bakinsa ƙarami ne a kan zurfinsa. Ta zuba gasara ta juya. Gasarar ba ta da yawan da za ta sanyaya wannan tulin, na sake aunawa bai sauko ƙasa da 80 ba. A gaban idona ma kunun ya ƙara kauri, don ɗanyen sitacin da ke cikin gasarar shi ma dahuwa ya yi nan take.

Na shiga wajen Gwaggo na ce, "Gwaggo, in kin juye a daro, me kike yi kafin isha?" Ta ce ba komai. Na matsa. Ta ce to, in ta gifta za ta alwala takan ɗan juya da muciya, in ta fito ma haka. "Kafin ki zuba gasarar fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai nakan tsoma yatsa, ɗan nan. In ya cije ni na dakata." Na ce me ya sa ba ta gaya wa surukarta ba. Ta ce, "Wannan har abin faɗa ne?"

Kofi huɗu

Da na ce zafi ne ya kashe gasarar, ƙanina bai gamsu ba. Ya ce ai kunun yakan huce da kansa cikin dare, in zafi ne ya hana, me ya sa ba ya aiki bayan ya huce? Tambayar tana da kyau, kuma gani ya kori ji, don haka washegari na dawo da yamma da 'yar kwalbar aidin ta kemis, irin wadda ake sa wa ciwo. Aidin in ya haɗu da doguwar sarƙar sitaci yakan koma shuɗi mai duhu kamar baƙi. In sarƙar ta gajarce, launin yakan koma ja-ja, ya yi ta kodewa.

Na markaɗa dankali da tsiro kaɗan, na tace, na bar shi ya kwanta, na tsiyaye ruwan saman kawai don kada ɗanyen sitacinsu ya rikita gwajin. Muka dama kunu muka raba kofi huɗu. Na farko na zuba masa ruwan gasarar yana tururi. Na biyu na jira ya sauko wajen digiri 55, na zuba, na tsayar da shi cikin kwanon ruwan ɗumi. Na uku na sanyaya shi a ruwan randa tukuna. Na huɗu ɗuminsa ɗaya da na biyu, amma ruwan gasarar da na zuba masa sai da na tafasa shi na bari ya huce.

Na biyu bai ɗauki lokaci ba. Matar ƙanina ce ke juyawa, ta ɗago ta ce, "Yaya, ya saki." Cokalin da ke tsayawa ya fara kwanciya. Bayan kamar rabin awa muka ɗiga kowanne a kan farin faranti muka sa aidin. Na biyu ya ba da ja-ja mai haske, kuma da aka ɗanɗana abin da ke cikin kofin akwai zaƙi ba tare da ƙwayar sukari ba. Na uku ya ɗan sassauta amma launinsa na nan da duhu. Na farko da na huɗu baƙi ƙirin, kauri kuma yadda aka dama su.

Sai na ɗauki na farko, wanda zuwa lokacin ya huce, da na uku mai sanyi, na sa su duka cikin ruwan ɗumi. Na uku ya farfaɗo ya tsinke kamar na biyu. Na farko ko gezau.

Amsar tambayar ƙanina ke nan. Sanyi rage wa enzayim sauri kawai yake, don ƙwayoyi ba sa motsi sosai balle su yawaita karo da juna, da an ɗumama sai aiki ya ci gaba. Ƙarin ɗumi na ƙara sauri, galibi kusan ninki a kowane digiri goma, amma zuwa wata iyaka. In an wuce ta, girgizar zafi takan ɓalle raunanan mahaɗan nan da ke riƙe da naɗin furotin, zaren ya warware ya cukurkuɗe, gurbin ya rushe. Kamar farin ƙwai ne, in ya dahu ya daskare, ko ka sa shi a firji ba zai koma ruwa ba. Beta-amiles ya fi rauni, da an haura 70 ba ya jimawa. Alfa-amiles na hatsi ya fi shi juriya kaɗan, amma a 80 shi ma ya gama. A duron nan, cikin 'yan mintuna duka biyun sun mutu, sauran daren kuma babu mai aiki.

Wannan rauni an san shi tun ranar da aka fara kama enzayim a hannu. A 1833 wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka fitar da wani farin abu daga tsiron sha'ir, suka ga ɗan kaɗan nasa na mayar da sitaci mai yawa sukari, kuma tafasawa na kashe shi. Suka kira shi dayastes. Shi ne amiles ɗin nan na gasarar Gwaggo, kuma shi ne enzayim na farko da aka ware. Sai a 1926 James Sumner a Amurka ya nuna cewa enzayim furotin ne, abin da ya bayyana dalilin da wuta ke yi masa abin da take yi wa ƙwai. Ina jin daɗin faɗa wa ɗalibaina wannan, don su san abin da ke cikin littafinsu yana nan a madafin iyayensu.

Gyaran da ya zarce

Na yi kuskure ɗaya a nan, na ce mata kawai ta bari ya huce, ban faɗi iyaka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A daren ta koma daro, ta bar shi a buɗe a tsakar gida har wajen sha ɗaya, iskar hunturu na kaɗawa, sai da ya yi sanyi ƙalau ta zuba gasara. Da safe kunun ya ɗan saki, zaƙi kaɗan, tsami kuma ya fi na kullum.

Dalilin shi ne ba amiles kaɗai ke cikin bokitin ba. Gasara ɗanya ce, tana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu sa tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono. Su suna cin sukari ne su fitar da asid. A kunun Gwaggo aikin bi da bi yake: awannin farko akwai ɗumi sosai, amiles na gudu, bakteriya ba su sake ba. Can cikin dare in ya huce sai su karɓa, su ɗan taɓa sukarin da aka tara su ba da tsamin da ake so. In aka fara da sanyi, amiles na tafiyar hawainiya, bakteriya na cinye ɗan abin da ya samar, tsamin da suke zubawa kuma yana ƙara danne shi, don siffar enzayim ba zafi kaɗai ke taɓa ta ba, har da yawan tsami. Amiles na son tsami kaɗan ne. Na yawunmu ma da ya isa ciki ya gamu da asid ɗin tumbi yakan daina aiki, alhali pepsin, mai narka nama, sai a cikin wannan asid ɗin yake iya nasa.

Inda aka tsaya

Muka zauna mu uku a ƙofar ɗakin Gwaggo muka tsara abin. A juye a daro, a rufe da tsabtataccen farin mayafi mai shara-shara saboda ƙura, a riƙa juyawa daga ƙasa. Ba agogo za a bi ba, kunun za a tambaya. Muka yi dare uku ina aunawa ita kuma tana tsoma wankakken yatsa can ciki bayan ta juya, har ta gane yadda 60 take a fatarta. Hannun Gwaggo ya sha wuta shekara da shekaru, abin da ita take ji ɗumi yarinyar ji take ya ƙone ta, don haka kowacce da nata ƙirgen. A nata, in ta iya ƙirga uku kafin ta zare, lokaci ya yi. In an zuba gasara an juya, sai a mayar cikin duron nan a rufe, don a wannan gaɓar riƙe ɗumi shi ake nema. Duron da ya ɓata kunu shi ya koma yana ƙara masa zaƙi, ƙanina kuma bai yi asarar kuɗinsa ba.

Abu ɗaya ya rage da ban so a manta ba. In zafin bazara ya shigo, Kano na kaiwa digiri 40 da rana, dare ma ba ya sanyi. Daro zai daɗe bai huce ba, bakteriya kuma za su yi sauri, don haka tazarar magariba da isha ba lallai ta isa ba, kuma tata za ta koma da wuri kafin tsami ya wuce gona da iri. Gwaggo ta ce ita dama in zafi ya yi tun kiran assalatu take tacewa, wannan ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Sukari ya koma ma'auninsa na da. Ranar uku ga azumi mai abinci ta aiko da jarka biyu. Da aka cire wa Gwaggo bandeji ta fito tsakar gida da la'asar, surukarta ta miƙo mata ludayi daga kunun da aka tace. Azumi ya hana ta kurɓa, sai ta ɗaga ludayin ta tsiyaye a hankali tana kallon yadda yake zuba, ta ce a ajiye mata kofi ɗaya a cikin ƙanƙara kafin a sha ruwa.